Korona cutar numfashi ce, to me ya kai ta ƙoda?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifiyarsu ta haura shekara sittin, tana da hawan jini da suga tun da daɗewa, ta kamu da korona har aka kwantar da ita aka sa mata oksijin, Allah ya ba ta sauƙi aka sallame ta. Bayan wasu watanni ƙafafunta suka fara kumbura, aka yi gwaji aka ce ƙodarta ta taɓu. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa allurai da ƙarin ruwan asibiti ne suka lalata mata ƙoda, wasu na cewa rigakafin da ta yi daga baya ne. Shi kuma abin da ya ɗaure masa kai, cutar da aka ce ta numfashi ce me ya haɗa ta da ƙoda?

Da farko dai Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Amsar a gajarce ita ce eh, korona tana taɓa ƙoda, sosai ma, in ka cire huhu ƙoda na cikin sassan jikin da suka fi shan wuya a hannunta. Amma yadda take taɓawar nake so ka gane, don galibi halin da cutar ke jefa jiki gaba ɗaya ne ƙoda ba ta iya jurewa, kuma a cikin wannan halin akwai abubuwan da mu da kanmu muke ƙarawa a gida ba da sani ba, su ne ma suka fi damuna don su ne za a iya kauce musu.

Ka fara sanin aikin ƙodar tukuna. Guda biyu ce, kowacce nauyinta bai fi giram 150 ba, amma duk jinin da zuciya ta harbo kusan kashi ɗaya cikin biyar ƙoda yake zuwa. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kowace matata kuma gida biyu ce. Gidan farko dunƙulen ƙananan hanyoyin jini ne da ke aiki kamar rariya, ruwa da datti su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Gida na biyu wani siririn bututu ne mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke bin bayan rariyar, aikinsa ya tsotse abin da jiki ke so ya mayar cikin jini. A rana ɗaya ana tace ruwa wajen lita 180, amma fitsarin da mutum ke yi bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, ragowar duk bututun nan ne ya mayar. Ka ga aikin ƙarfi kenan, aikin ƙarfi kuwa oksijin yake ci, kuma wani ɓangare na bututun yana can cikin ƙoda ne inda ko mutum na ƙalau oksijin ɗin da ke isa wajen da ƙyar yake isarsa. Shi ya sa da jini ya ɗan ja baya ko oksijin ya ragu, bututun ne ke fara faɗuwa. Ka riƙe wannan, yawancin labarin a nan yake.

Tun farkon annobar aka lura da abin. A Wuhan ta ƙasar Sin, wani asibiti ya bi bayanan majinyata 701, kusan kashi 44 cikin 100 an samu furotin a fitsarinsu tun zuwansu, fiye da kashi 26 kuma da jini a fitsarin, yawanci irin wanda ido ba ya gani sai a gwaji. Amma inda abin ya fito fili shi ne birnin Niyok na Amurka a watannin Maris da Afrilun 2020. Asibitocin Northwell sun duba mutum 5,449 da aka kwantar, kusan kashi 37 ƙodarsu ta samu rauni na farat ɗaya, a cikin waɗanda aka ɗora kan na'urar numfashi kuwa kusan tara cikin goma. A asibitocin Mount Sinai, rabin waɗanda ƙodarsu ta taɓu sun rasu, alhali cikin waɗanda ba ta taɓu ba kashi 8 ne kacal. Gari yana ta lissafin na'urar numfashi, sai ga injin wankin ƙoda da ruwan wankin suna neman ƙarewa, har wasu asibitoci suka koma wankin da ake yi ta ciki, a zuba ruwa ta roba a bar shi ya jawo dattin sannan a zubar. Kuma ba a kan korona aka fara ba. 'Yar'uwarta MERS ta 2012, mutumin farko da aka gano ta a jikinsa a Jidda huhu da ƙoda ne suka tsaya masa. A SARS ta 2003 a Hong Kong ƙalilan ne ƙodarsu ta tsaya, amma kusan dukkansu ba su tashi ba.

Toh ta yaya? Bari in fara da wanda ya fi shafarmu, bushewar jiki.

Ka tuna yadda aka yi a nan wajenmu a 2020. Ana tsoron asibiti, ana tsoron a kai mutum wajen killacewa a hana 'yan'uwa ganinsa, sai aka riƙa jinya a ɗaki. A Kano lokacin mace-macen nan na Afrilu, ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, fiye da rabinsu a gida suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 korona ake dangantawa da su. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama. Yanzu ka kalli dattijuwa kwance a irin wannan yanayi, zazzaɓi kwana biyar ko shida, zufa na zuba, numfashi sama-sama wanda shi ma ruwa yake fitarwa, baki ba ɗanɗano hanci ba ƙanshi saboda haka ko kunu aka kawo kurɓa biyu ta ture, wataƙila ga gudawa a kai. Amma duk safiya tana haɗiyar ƙwayar hawan jininta don an ce mata kar ta taɓa fashi. Jiki na ciwo, sai a aiki yaro kemis ya haɗo na ciwon jiki, a zo da 'yar leda mai ƙwaya huɗu ko biyar, a ciki akwai diklofenak ko ibufurofen ko Feldene, wani lokaci ma biyu daga cikinsu tare.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace rariya tana da hanyar jini mai shiga da mai fita. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda tana da dabararta ta kare kanta, sai ta buɗa hanyar shiga ta matse hanyar fita, don ƙarfin jinin da ke cikin rariyar kar ya faɗi tacewa ta tsaya. To diklofenak da danginsa su suke hana hanyar shiga buɗewa. Lisinofiril da losatan, magungunan hawan jini, su suke hana hanyar fita matsewa. Maganin sa fitsari, wanda sau da yawa a haɗe yake cikin ƙwayar hawan jinin, shi kuma ya ƙarasa ɗan ruwan da ya rage. Ukun nan in suka haɗu a jikin da ya bushe, wallahi ko ba korona ƙoda na iya tsayawa cikin kwana biyu uku. Kuma ba ta ciwo, fitsari ne kawai zai ragu ya yi duhu, shi ma ba wanda ke lura don hankalin kowa na kan tari da numfashi.

Kar wani ya karanta wannan ya ce to lisinofiril ne mugu. A'a, shi da losatan suna cikin magungunan da suka fi kare ƙodar mai suga in jiki na daidai. A farkon annobar an yi ta raɗe-raɗin wai suna ƙara wa cutar ƙarfi, aka yi gwaji a Barazil kan majinyata 659, wasu aka dakatar musu wasu suka ci gaba, ba a ga amfanin dakatarwar ba. Ranakun amai da gudawa da rashin shan ruwa ne kawai likita kan ce a ɗan ajiye shi, in an warware a koma.

In cutar ta yi tsanani aka kai asibiti, wasu abubuwan ne ke hawa kai. Huhu ya cika da kumburi oksijin ya faɗi a jini, bututun nan da na ce maka da ƙyar yake samu ya rasa gaba ɗaya. Awon jini ya faɗi ƙasa, musamman in wata ƙwayar cuta ta samu hanya ta shiga jini. Ita kanta na'urar numfashi da ke ceton rai, iska take turawa da ƙarfi cikin ƙirji, wannan matsin yana rage jinin da ke komawa zuciya, sai jini ya taru a baya ya cunkushe ƙoda, ga shigowa ta ragu ga fita ta yi wuya. Sannan a watannin farko likitoci a ko'ina suna jin tsoron ƙarin ruwa don kar huhu ya ƙara cika, daga baya aka gane bushewar ma illa ce babba aka daidaita. Wannan, da magungunan da aka samu, da rigakafi, da canjin nau'in cutar, duk sun sa raunin ƙoda ya ragu sosai in ka kwatanta da zangon farko.

Sai garkuwar jiki. A wasu mutane takan wuce gona da iri, ta zubo sinadaran faɗa da cuta fiye da kima, su kuma ba sa bambance abokin gaba da na gida. Abin da suka fi ɓatawa shi ne shimfiɗar cikin hanyoyin jini, wadda a ƙa'ida sulɓi gare ta jini ya wuce bai maƙale ba. In ta ƙuje sai jini ya fara daskarewa, ƙoda kuwa kusan dukkanta ƙananan hanyoyin jini ce. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin wankin ƙoda a lokacin zai gaya maka, matatar injin da ya kamata ta yi awa huɗu lafiya ko ta kwana tana aiki a ɗakin masu tsananin jinya, sai ka ga ta fara yin baƙi-baƙi daga sama, injin ya hau ƙara, a duba a ga jini ya daskare a ciki duk da an sa maganin tsinka jini, a cire a jefar da ita da jinin majinyacin da ke ciki a ɗaura sabuwa. Abin da ake gani a roba a waje kenan, irinsa na iya faruwa a ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙodar, wani lokaci ma babbar hanya ce ke toshewa wani yanki na ƙodar ya mutu. Akwai kuma 'yan kaɗan da tsokar jikinsu ke narkewa saboda zazzaɓi da cutar, abin da ya fito daga tsokar ya je ya toshe bututun, fitsari ya koma kalar baƙin shayi.

Ita ƙwayar cutar da kanta fa, tana shiga ƙoda? Kafar da take bi ta shiga ƙwayoyin jiki wani furotin ne da ake kira ACE2, kuma farkon bututun ƙoda cike yake da shi. A 2020 masu bincike a Hambag ta Jamus sun samu burbushin ƙwayar cutar a ƙodar wasu da suka rasu. An kuma ga majinyatan da bututunsu ke yoyo, yana zubar da abubuwan da ya saba mayarwa jini. Sai dai wasu hotunan da aka fara yaɗawa ana cewa ga ƙwayar cutar nan a ƙoda, daga baya masana suka ce wasu 'yan halittun cikin ƙwayar jiki ne masu kama da ita, kuma a yawancin masu rai da aka tsinko naman ƙodarsu aka duba ba a same ta ba. Abin da aka fi samu shi ne bututun da ya ji jiki, irin wanda muke gani a duk wata cuta mai tsanani. Ni a ganina ko tana shiga, rabonta a ɓarnar bai kai na bushewa da faɗuwar jini da kumburi ba.

Akwai wani nau'i guda da dole in tsaya a kansa don mu baƙar fata 'yan Afirka ta Yamma ya fi shafa. Akwai ƙwayar gado da ake kira APOL1, tana da wasu sauye-sauye biyu, G1 da G2, waɗanda suka yaɗu a yankinmu saboda suna ba da kariya daga ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa. A 2010 aka gano cewa wanda ya gaji sauyin ta uwa da ta uba duka, ƙodarsa na cikin haɗari fiye da sauran mutane. Wani babban bincike da aka yi kan mutum sama da 8,000 a Najeriya da Gana ya samu kusan uku cikin goma na waɗanda aka duba suna ɗauke da guda biyun. Ya fi yawa a kudu amma akwai shi a cikinmu. Yawancin masu shi har su tsufa ba abin da zai same su, sai wani abu ya zo ya tayar da shi, da can HIV muka sani da wannan aikin, sai ga korona ita ma tana yi. Sinadarin da jiki ke fitarwa don yaƙar ƙwayar cuta, intaferon, shi ke kunna wannan ƙwayar gado, sai rariyar ta rufta, furotin ya riƙa tsiyaya cikin fitsari da yawan gaske, fitsari ya yi kumfa wadda ba ta kwanciya, fuska da ƙafa su kumbura, aikin ƙoda ya faɗi cikin makonni. Abin tsoron shi ne ba sai korona ta yi tsanani ba, wani ɗan zazzaɓi da tari kawai ya yi. Ba a tabbatar da wannan sai an tsinko ɗan naman ƙoda da allura an duba.

Yanzu maganar bayan sallama, wadda ita ce ta Hajiya. Bututun ƙoda yana iya farfaɗowa, shi ya sa da yawa ke warkewa cikin kwanaki ko makonni. Amma ba kullum yake komawa yadda yake ba, inda raunin ya yi zurfi tabo ne ke maye gurbin, matatar da ta mutu kuma ba a haifar sabuwa, ragowar ne ke ɗaukar aikin, su ma nauyin ya riƙa gajiyar da su a hankali. A Amurka an bi tsofaffin sojoji sama da 89,000 da suka tsira daga korona aka kwatanta su da waɗanda ba su yi ba, aka ga aikin ƙodarsu ya fi saurin raguwa a watannin da suka biyo baya, har da waɗanda ba a kwantar ba, amma ya fi yawa a waɗanda suka ji jiki. Yawancinsu maza ne masu shekaru, a yi la'akari da wannan, amma saƙon a fili yake.

Ga kuma wani tarko da ko ma'aikatan lafiya kan faɗa. Gwajin da muke auna ƙoda da shi, kiriyatinin, daga tsoka yake fitowa. Wanda ya yi makonni a kwance ya rame tsokarsa ta zube, kiriyatinin ɗinsa zai sauka ko da ƙodar ba ta gyaru ba. Sai a duba ranar sallama a ce alhamdulillahi ya dawo daidai, bayan wata uku ta murmure ta yi ƙiba lambar ta hau, a ce sabon ciwo ne, alhali yana nan tun asibiti. Shi ya sa duk wanda ƙodarsa ta taɓu a kwance ya kamata a sake gwada shi bayan wata uku, jini da fitsari duka.

Toh mu dawo kan gardamar gidanku. Ƙarin ruwa in an yi shi daidai kima ba ya lalata ƙoda, a mafi yawan lokuta shi ne ma ke cetonta. Gaskiya akwai alluran da ke iya taɓa ta, irin su jentamaisin da bankomaisin, da ruwan da ake ɗurawa kafin wani hoton, likita kan auna ya ga haɗarin barin cutar ya fi na maganin. Amma deksametason, maganin rage kumburi, da kusan tabbas an ba Hajiya tunda ta sha oksijin, babban gwajin da aka yi a Birtaniya mai suna RECOVERY ya nuna ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu na'urar numfashi, ɗaya cikin biyar a masu oksijin, har buƙatar wankin ƙoda ma ya rage. Illarsa a wajenta suga ne zai hau. Rigakafi kuma, an samu rahotannin wasu 'yan ƙalilan da suka yi fitsarin jini ko tsohon ciwon rariyarsu ya motsa cikin kwanaki bayan allurar, amma ƙalilan ne ƙwarai cikin allurai sama da biliyan 13 da aka yi a duniya, kuma yawanci ya lafa. Ka ajiye wannan kusa da abin da cutar kanta ta yi, a Turai kafin rigakafi kusan ɗaya cikin huɗu na masu wankin ƙoda da suka kamu sun rasu cikin kwana 28.

Abin da na fi kyautata zato a kan Hajiya, ba tare da na gan ta ba, shi ne suga da hawan jini sun daɗe suna cin ƙodar a ɓoye, don ƙoda na iya rasa kusan rabin aikinta mutum na yawonsa bai san komai ba, korona ta zo ta same ta ba ta da rara ta ture ta. Dan Allah ku bar neman mai laifi a tsakaninku, ku nemo takardu. Duk wani tsohon sakamakon gwaji na kafin korona, da na lokacin kwanciya, da takardar sallama, ku haɗa ku kai wa likitan ƙoda, lamba ɗaya ba ta ba da labari sai an jera ta da na baya. A yi gwajin fitsari a auna yawan furotin, a yi na jini a fitar da eGFR wanda shi ke nuna kashi nawa ya rage, a duba fotasiyam, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa daga jini, da yawan jini, a yi sikanin a ga girman ƙodar don in ta ƙanƙance ciwon ya daɗe. A duba mata ido ma, in suga ya taɓa bayan ido to da alama shi ne a ƙodar, in ido fes yake ga furotin mai yawa ya zo farat ɗaya bayan korona, a nan ne za a yi tunanin tsinko nama. Kuma kumburin ƙafa ba ƙoda kaɗai ke kawo shi ba, a duba zuciya don korona na taɓa ta ita ma, sannan in tana shan amlodifin shi kansa yana kumbura idon sawu.

A gida kuwa, maganin ciwon jiki na kemis a daina shi kwata-kwata, in da ciwo farasitamol. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ruwan jarka da ake cewa yana wanke ƙoda, ina roƙonku da girman Allah ku ajiye, ba wanda ya san abin da ke ciki balle adadinsa, ƙodar da ta raunana kuma ba ta iya fitar da abin da lafiyayya za ta fitar. Na san masu kawowa don ƙauna suke yi, a yi musu godiya a ajiye. Gishiri a rage sosai, duka na yini kar ya kai ƙaramin cokali ɗaya, a lissafa da dunƙulen miya da yaji mai gishiri da kanwa don ita ma a wajen ƙoda gishiri ce. Kar a matsa mata da shan ruwa jarka-jarka wai don a wanke, mai kumburi ruwan taruwa yake, likita zai faɗi adadin. Magungunan suga a sake duba su, metfomin ana rage shi in eGFR ya sauka a daina in ya yi ƙasa da 30, gilibenkilamaid kuma yana daɗewa a jikin mai ciwon ƙoda ya faɗar da suga cikin dare. Ku tambayi likita ko ta dace da dafagiliflozin ko emfagiliflozin, an tabbatar suna rage saurin lalacewar ƙoda. Azumi ma kar ta ɗauka sai an zauna da likita an duba lambobinta. In kuma ta sake kamuwa da korona ko mura mai zafi, a faɗa wa duk wanda zai rubuta magani cewa tana da ciwon ƙoda tun kafin ya ɗauki biro, ko maganin korona Paxlovid sai an rage adadinsa gwargwadon ƙarfin ƙodar.

In wata rana aka ce sai an yi wanki, kar a ɗauke ta a gudu gida. Na san abin da mutane ke faɗa, wai in an fara ba a dainawa, na kuma san kuɗin ba wasa ba ne. Amma ku tambaya a fili, wannan na wucin gadi ne ko na dindindin, don in rauni ne na farat ɗaya ya hau kan tsohon ciwo, wanki 'yan lokuta kan riƙe mutum har ƙodar ta farfaɗo a daina. Kuma ko cikin dare ne, in fitsarinta ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, ko numfashi ya gagara in ta kwanta, ko ta fara amai da shaƙuwa ba ƙaƙƙautawa, ko ta rikice tana barcin da ba a gane ba, ko ƙafafu suka saki ta kasa tashi, a tafi asibiti a lokacin kar a jira ranar kilinik, a ce musu a duba fotasiyam, don in ya hau yana iya tsayar da zuciya kuma a asibiti kawai ake iya saukar da shi cikin gaggawa.